Laifin Ba na Manomi Ba Ne: Jinjina ga Littafin Don Norman

Idan akwai littafi guda da nake burin ganin an damƙa a hannun duk matashin da ke koyon ƙera manhaja, daga Sakkwato har Wurno da Rabah da Goronyo, to The Design of Everyday Things ne na Don Norman. Ban taɓa karanta littafin fasaha da ya mutunta mai amfani da kaya irin wannan ba. Wallahi duk wanda ya kammala shi, ko makunnin fitila ya gani a bango sai ya tsaya ya yi masa kallo na biyu.

Norman Ba'amurke ne, haifaffen 1935. Ya fara da karatun injiniyan lantarki a MIT, sannan ya yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania. Wannan haɗin shi ne sirrin littafin: mutumin ya san cikin inji, ya kuma san yadda ƙwaƙwalwa ke tuna abu da yadda take mantawa. Yana cikin masanan da suka duba ɗakin sarrafa tashar nukiliya ta Three Mile Island bayan haɗarin 1979, inda aka yi ta ɗora wa ma'aikata laifi, shi kuwa ya ga cewa tsarin maɓallan da fitilun ɗakin ne ya sa kuskure ya zama dole. Littafin ya fara fitowa a 1988. A 1993 Norman ya shiga kamfanin Apple, a 1998 kuma shi da Jakob Nielsen suka kafa Nielsen Norman Group, kamfanin da ke ba masu ƙera kaya shawara. Bugun 2013 da aka faɗaɗa, wanda shi nake yabo, ya fito ne daga hannun wanda ya daɗe yana zama da masu kamfanoni yana jin kokensu.

Babban darasinsa mai sauƙi ne, amma yana ratsa zuciya: idan mutum mai hankali ya kasa sarrafa wani abu, a fara tuhumar wanda ya tsara abin. Dubi ɗan kasuwar albasa ranar kasuwa a Wurno. Ya tsuguna gefen buhuna, rana na dukan allon ƙaramar wayarsa, yana son biyan manomi. Ya danna lambobin banki, yana kwafar lambar asusu mai lambobi 10 daga wata guntuwar takarda da gumi ya jiƙa. Yana kan ta bakwai sai wayar ta yanke, wai lokaci ya ƙare. Ya sake daga farko. Wannan karon ya kai ƙarshe, amma shiru, babu saƙo. Kuɗin sun tafi ko suna nan? Manomi na tsaye yana jira. Daga nan sai ka ji bawan Allah ya ce shi dai wayar nan ta fi ƙarfinsa. Mutumin da ke riƙe lissafin buhu ɗari a ka, da bashin kowane dillali, shi ne aka sa yana ganin kansa kamar marar wayo!

Norman ya warware wannan filla-filla. Ya nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa na ɗan lokaci kaɗan ne, har ya shawarci masu tsarawa su ƙaddara abu uku zuwa biyar kawai, kuma katsewa ɗaya ta isa ta watsar da su. Mu kuwa lambar asusu 10 ce, BVN 11, NIN 11, lambar waya 11. Ya kuma nace cewa duk abin da mutum ya danna, dole na'ura ta ba shi amsa nan take, a bayyane. Shi ya sa sunan mai asusu da ke fitowa kafin ka tura kuɗi ya zama alheri babba: wani ne ya zauna ya yi tunanin cewa yatsa kan zame. Da na karanta babi na biyar, wanda ya rarrabe kuskuren zamewar hannu da kuskuren gurguwar fahimta, sai da na ji kamar in tashi tsaye in yi tafi, don kowanne da maganinsa, kuma mai ƙera manhajar da bai san bambancinsu ba zai yi ta zuba gargaɗi a allo ba tare da ya hana komai ba.

Babi na shida shi ne wanda ya fi tafiya da ni, kuma shi ne abincin duk mai son yin sana'ar ba da shawara. Norman ya ce a aikinsa ba ya gaggawar magance matsalar da aka kawo masa, domin yawanci alama ce kawai, ainihin ciwon yana can ƙasa. A littafin ya kawo dabarar kamfanin Toyota ta maimaita tambayar dalili har sau biyar, da tsarin Majalisar Zane ta Birtaniya na fara faɗaɗa bincike har a gano matsalar gaskiya kafin a shiga neman mafita.

Mu ƙaddara shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo ya zo wurinka, ya ce: "Ɗana, ka yi mana manhajar da za ta riƙa tura wa mutanenmu saƙon tuni, ba sa biyan bashin taki a kan lokaci." Matashi mai ɗoki zai buɗe kwamfuta a daren. Almajirin Norman kuwa zai ce: "Baba, a ba ni izini in bi ku gona tukuna." A can zai iya tarar da cewa babu wanda ya manta da bashin. Me ya hana biya? Ranar biyan ta faɗo daidai lokacin girbi, sa'ad da shinkafa ta cika kasuwa farashi ya karye. Me ya sa ba sa biya da buhu? Don ba su yarda da littafin da ake rubuta awo ba. Me ya kawo rashin yarda? Da boko ake rubutawa, kuma ba a ba kowa shaida a hannu. Ka ga ke nan saƙon tuni ba zai ƙara komai ba sai ɓacin rai. Abin da ake bukata shi ne shaidar awo da manomi zai iya saurara da Hausa a wayarsa, da kuma gyara ranar biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka shiga ɗakin ka zauna kafin ya nuna maka.

Norman ya ƙara jan kunne cewa abin da mutane ke faɗa game da kansu da abin da suke aikatawa kan sha bamban, ba don ƙarya ba, sai don al'adar da ta zama jiki ba a lura da ita. Saboda haka a je a kalle su a inda suke aikin. A yi samfurin gwaji mai arha, ko da zanen allo ne a takarda, a miƙa wa mutum biyar, a rufe baki a ga inda za su yi tuntuɓe, a gyara, a sake. Nielsen ya daɗe yana nuna cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari. Wannan bushara ce ga matashin Rabah da ba shi da jari mai yawa: kuɗin mota da haƙurin sauraro sun wadatar.

Kuma mun ga amfanin wannan tunani a ƙasarmu. Manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice tana farawa ne da tambayoyi: malamin gona ya zauna da manomi, ya ji yanayin gonarsa da irin da yake shukawa da ƙarfin aljihunsa, sannan ta fitar da shawarar taki da ta dace da shi. Binciken da aka yi a Jihar Kano, aka wallafa a 2021, ya nuna waɗanda suka samu irin wannan shawarar amfanin gonarsu ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, ribarsu da kashi 10, ba tare da sun ƙara yawan taki ba. Haka wayoyin Tecno suka mamaye kasuwanninmu, don masu su sun lura muna riƙe layi fiye da ɗaya, wuta na yi mana wuya, kuma muna son kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau.

Ga daɗin karatu kuma! Norman ba ya tsorata mai karatu da manyan kalmomi. Da ƙofa yake koyarwa, da famfo, da firji, da murhun gas. Turancinsa mai sauƙi ne, ɗalibin da ya gama sakandare zai bi shi da ɗan taimakon ƙamus.

Kirana ga malaman kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masu horar da matasa a shirin 3MTT shi ne su sa wannan littafi cikin abin da ake karantawa tun zangon farko, su kuma tura ɗalibai fadamun Rima su wuni da manoma kafin su rubuta layi ɗaya na manhaja. Ga manazartanmu kuma, ga aikin lada: a nemi izini a fassara shi zuwa Hausa, da misalan kasuwa da gona da teburin mai POS. Wanda ya samu kwafi ya fara da babi na shida, sannan ya koma farko ya bi shi a tsanake. Allah Ya saka wa wannan dattijo da alheri, ya yi mana aikin da za mu daɗe muna cin moriyarsa.