Ina Labarin Bazawara? Tsokaci a Kan Jigon Saki a Littattafan Soyayya

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Rumde ta Jimeta, inda Hausa ta zama harshen cuɗanya tsakanin Fulani da Hausawa da sauran ƙabilun Adamawa, ya san yadda littattafan soyayya na Kano suka riƙa yawo gida-gida a hannun matan aure da 'yan mata tun shekarun 1990. A yau takarda ta ja da baya, labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, zance ma ya bar zaure ya koma waya. Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa, duk da wannan sauyi, marubutanmu sun ƙware wajen ƙulla aure, amma sun yi ƙwauron alƙalami wajen bayyana mutuwarsa.

Daga Zance Zuwa Ɗaurin Aure

Idan muka ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), za mu ga Sumayya, 'yar masu hali, ta nace a kan Muhammad talaka, har ta faɗa rijiya don gudun auren dole. Wahalar masoyan duka ta samun juna ce, da sun samu kuwa labari ya cim ma burinsa. Wannan zubi shi ne littattafai masu yawa suka bi. Ko muhawarar da aka tafka tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu, ta fi karkata ga inganci da tarbiyya. Ba a cika tambayar abin da ke samun tauraruwa bayan 'yan kai amarya sun watse ba.

Rabi da Takardar Saki

Balaraba Ramat Yakubu na cikin ƙalilan da suka tunkari wannan tambaya. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya auro Delu, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'ya tara. A nan ne marubuciyar ta nuna gwanintarta, domin ba ta ɓata tawada wajen kuka da sambatu ba. Ta bi Rabi zuwa gidan haya, ta nuna mana tukunyar abincin sayarwarta, da kuɗin makarantar yara, da yadda ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Mai karatu yana ganin saki a matsayin lissafin hatsi da haya, wanda haka yake a rayuwa.

Sai dai muna da ja a kan warwarar jigon. Da gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, Delu kuma ta ci amanarsa, sai aka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Wasu manazarta na ganin marubuciyar ta sassauta ne don gudun fushin al'umma. Mu kuwa muna ganin ta faɗi gaskiya mai ɗaci: al'ummarmu ba ta tanadi mazauni ga bazawara ba in ban da ɗakin miji. Amma da ta bar Rabi ta zaɓa da bakinta, da littafin ya fi haka nauyi.

Hujjarmu tana nan a zahiri. A 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hukumar Hisba ta fara auren zawarawa da mata 100, a 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 a lokaci guda. Gwamnati ma, kamar marubuci, da ɗaurin aure take rufe labarinta.

Kammalawa

Muna kira ga matasan marubuta, musamman namu na Yola da Jimeta, da su waiwayi abin da ke gabansu. Akwai idda da ciyarwa, akwai riƙon 'ya'ya a gaban alƙali, akwai kwashe kayan ɗaki da rana tsaka a idon maƙwabta, akwai kuma sakin da yanzu ake turowa ta saƙon waya. Yarinyar Rumde da ke karanta labari a wayarta ta riga ta san yadda ake soyayya. Abin da ya rage a nuna mata shi ne yadda mace ke rayuwa da mutuncinta idan auren ya mutu.