Da Me Ake Auna Gidan Tarihin Fim?

Ɗan garin Bengou da ke son ganin inda aka karrama magabatan silima na Nijar sai ya bi ta Gaya da Dosso, tafiyar kusan kilomita 300, ya isa Yamai. Can zai tarar da cibiyar al'adu mai sunan Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972. Sanya suna a jikin gini karramawa ce, amma tarihin fim yana cikin faifai da kayan aiki, kuma da su ake auna gidan ajiya.

Abu na farko da nake dubawa a kowane baje koli shi ne ko ana iya kallon fim ɗin da kayan suka fito daga cikinsa. Riga a cikin gilashi, in ba a ga wanda ya sa ta yana motsi a allo ba, ba ta fi ta 'yan gwanjo ba. Ɗauki Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015 bayan shekaru yana aiki a Tawa. Ya yi Bon Voyage Sim a 1966 da zanen hannu, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyara, daga baya ya yi Kokoa da 'yan tsana, kwaɗi suna kokawa. Ɗan tsana guda, sai a ɗaga masa hannu kaɗan, a ɗauki hoto, a ƙara ɗagawa, a sake ɗauka, har a tara hotunan da za su ba da motsin daƙiƙa ɗaya. Gidan da ya ajiye ɗan tsanan, ya kunna wasan kokawar a gefensa, ya kuma bayyana wannan wahala da Hausa da Zabarmanci, ya yi aikinsa. Wanda ya rubuta suna da shekara kawai da Faransanci ya bar yawancin baƙinsa a waje.

Sai asali. Wa ya ba da kayan, daga hannun wa suka fito, a wane fim aka yi amfani da su? Kyamarar da ba a san wanda ya riƙe ta ba tsohon ƙarfe ce kawai.

Ajiya kanta ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin faifan silima ba ya jure zafi da laima. Ambaliyar Satumban 2009 ta shiga ma'ajiyar finafinan Afirka ta Wagadugu, wadda aka kafa a 1989, ta jiƙa faifai masu yawa. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya ɓace wa masu kallo shekaru da dama, sai a 2016 aka tsinci faifansa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Sa'a ce ta cece shi.

Finafinan Kano kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset suka fito, kuma kaset da faifan sidi ne suka kai su garuruwan iyaka irin Kamba, Gaya da Malanbil. Kwalayensu da fostocin da aka manna a ƙofar gidan kallo, da allon da ake rubuta sunan fim ɗin dare da alli, duk kayan tarihi ne, ga shi wayar hannu ta riga ta kore su daga kasuwa. Masu tsofaffin shagunan kaset a Gaya da kewaye, kada ku ƙone abin da ya rage muku. Hukumomin al'adu na jihar Dosso su karɓa, su rubuta sunan mai shi da shekarar, su kwafe finafinan tun kaset ɗin yana iya juyawa.