Michio Kaku da Kalmar "Wai"

Watakila mai karatu ya yi mamakin ganin sunan masanin fiziks a mujallar da ta saba da nazarin waƙa da ƙagaggun labarai. Hujjata ita ce, mutumin nan ya daɗe da fitowa daga ɗakin lissafi ya shiga kasuwar masu rubutu domin jama'a, kuma duk wanda ya baza hajarsa a wannan kasuwa ya yarda a taya. Littattafansa rubutun zube ne, suna da jigo, suna da salo, saboda haka ma'aunin da muke ɗora sauran marubuta a kai zai ɗauke shi. Lissafinsa kuwa na bar wa masu shi.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne wata hira da muka yi da wani ƙanena, ɗalibi ɗan aji biyu. Ya gaya mini, ba tare da wata tantama ba, cewa nan da 'yan shekaru kwamfutar kwantam za ta gama da ciwon daji. Na tambaye shi inda ya samo wannan albishir, sai ya nuna mini bidiyon wani dattijo mai dogon farin gashi yana bayani cikin murmushi. Ban iya yi masa dariya ba, domin ni ma dattijon nan ya taɓa riƙe ni haka, lokacin da na sayi tsohon kwafen littafinsa Hyperspace a wurin masu gwanjon littattafai, na kwana uku ban ajiye shi ba.

An haifi Michio Kaku a garin San Jose na Jihar Kalifoniya a Amurka a 1947. Iyayensa 'yan asalin Japan ne, suna cikin waɗanda gwamnatin Amurka ta tsare a sansanin Tule Lake lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana ɗan shekara takwas Albert Einstein ya rasu, a 1955, kuma ya sha faɗin cewa hoton teburin Einstein da aikin da ya bari bai kammala ba shi ne ya ɗora shi a kan hanya. Yana sakandare ya haɗa injin tunkuɗa ƙwayoyin zarra a garejin gidansu, da wayar jan ƙarfe mai tsawon mil 22. Wannan aiki ya ja hankalin Edward Teller, wanda ake kira uban bom ɗin haidirojin, har ya taimaka masa ya sami kuɗin karatu zuwa Jami'ar Harvard. Ya gama a 1968, ya sami digirin dakta a Berkeley a 1972, sa'an nan ya shafe fiye da shekara arba'in yana koyarwa a City College ta birnin Niyok. Abin lura shi ne, yaron da Teller ya ɗauka ya girma ya zama mai adawa da makaman nukiliya, har ya rubuta littafi a kan shirye-shiryen yaƙin nukiliya na Amurka tare da Daniel Axelrod a 1987.

Fagensa na ainihi shi ne abin da zan kira ra'in tsirkiya. A taƙaice, ra'in yana cewa in ka yi ta tsaga abu har ka wuce ƙwayar zarra da 'ya'yan cikinta, abin da za ka taras a ƙarshe wani ɗan zare ne mai kaɗawa. Yadda tsirkiyar molo guda ke ba da amo iri-iri gwargwadon inda aka danna ta, haka kaɗawar zaren nan ke ba da ƙwayoyi iri-iri. A 1974 Kaku da Keiji Kikkawa na Japan suka buga takardun da suka buɗe wani reshe na wannan ra'i. Reshe na ce, domin tushen ya girme su, ya faro ne daga aikin Gabriele Veneziano a 1968 da na wasu da suka biyo shi. Sau da yawa masu gabatar da shi a talabijin sukan haɗiye wannan bambanci, mai kallo ya tashi da zaton shi ne ya kafa gidan baki ɗaya.

Yabon gwani ya zama dole. Kaku ya iya ba da labari, kuma ya san cewa mai karatu ba ya riƙe lissafi amma yana riƙe hoto. Dubi yadda ya buɗe Hyperspace na 1994. Ra'in tsirkiya ba ya daidaita sai in duniya tana da fuskoki goma, alhali mu uku muka sani, watau tsawo da faɗi da tudu, sai lokaci na huɗu. Yaya za ka sa mutum ya hango fuskar da idonsa bai taɓa gani ba? Sai ya koma yarintarsa, yana tsugune a bakin wani kududdufi a lambun shan shayi na Japanawa da ke San Francisco, yana kallon kifaye. Ya ce a ɗauka cikin kifayen nan akwai malamai. Duniyarsu ruwan nan ne marar zurfi, ba su san akwai sama ba. In aka yi ruwa, ganyayen da ke kan kududdufin suka motsa, malaman kifi za su ƙago wani ƙarfi na ɓoye su ce shi ya motsa su. In kuwa ka sa hannu ka ɗauke ɗayansu, ga sauran ya ɓace ke nan daga duniya. Kafin ka gama shafin ka riga ka gane cewa kifin nan kai ne. Ban san wani malamin aji da zai kai ɗalibi wannan wuri cikin gaggawa haka ba.

To, amma a nan ne matsalar take. Hausa tana da wata 'yar kalma mai harafi uku wadda ke tsare mutuncin mai magana, watau "wai". In Bahaushe ya ce "Sarki ya iso", ya ɗauki nauyin maganar. In ya ce "wai Sarki ya iso", ya gaya maka cewa ji ya yi, ka bincika. Haka kuma tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus", don kada yaro ya rikita ta da labarin gaske. Abin da na rasa a yawancin rubutun Kaku shi ne wannan shinge. Ba na cewa ba ya amfani da kalmomin shakka na Turanci. Yana yi, har da yawa. Sai dai yakan ajiye "mai yiwuwa" guda a bakin sakin layi, sa'an nan ya gina shafi uku a kanta da muryar wanda ya je ya gani. Abin da aka gwada aka tabbatar, da abin da lissafi kaɗai ya nuna, da abin da marubucin ke fata, duk da murya ɗaya suke fitowa, murya mai daɗi kuwa. Mai karatun da ba ɗan fage ba ba shi da hanyar rarrabewa.

Ɗauki ra'in tsirkiyar kansa. Yau fiye da shekara hamsin ke nan babu wani gwaji da ya tabbatar da shi. Zaren da ake magana ƙanƙantarsa ta wuce abin da kowane inji zai iya gani kai tsaye, kuma Kaku bai ɓoye wannan ba. Babban injin nan na CERN da ke ƙarƙashin ƙasa kusa da Janeba, mai kewayen kilomita 27, ya gano ƙwayar Higgs a 2012, amma bai ga ƙwayoyin nan abokan tagwaitaka da yawancin masu ra'in suka sa rai zai gani ba. Tun 2006 masana biyu, Lee Smolin da Peter Woit, kowa ya fitar da littafi yana ƙorafin cewa fagen ya cinye hazikan matasa ba tare da ya ba da abin gwadawa ba. Wannan gardama ce mai rai tsakanin malamai. Duk da haka wanda ya karanta The God Equation na 2021, sunan da ni ban ga dacewarsa ba, zai fito da jin cewa tarihin fiziks tun daga Newton hanya ce miƙaƙƙiya wadda ta nufi ƙofar gidan su Kaku. Akwai ambaton masu suka a ciki, amma irin ambaton da mai gida ke yi wa baƙon da yake so ya tashi da wuri.

A ganina littafinsa mafi kyawun tsari shi ne Physics of the Impossible na 2008, kuma dalilin shi ne a nan ya gina shingen da kansa. Ya kasa abubuwan da ake cewa ba sa yiwuwa kashi uku. Akwai waɗanda ba su saɓa wa dokokin fiziks da aka sani ba, ana iya kai musu cikin ƙarni ɗaya ko biyu, kamar rigar ɓacewa daga gani. Akwai waɗanda ke can gefen saninmu, in ma za su yiwu sai bayan dubban shekaru ko miliyoyi, kamar komawa zamanin da ya wuce. Akwai kuma waɗanda suka karya dokokin, kamar injin da zai yi ta aiki har abada ba tare da an ba shi makamashi ba. Mai karatu ya san matakin da yake tsaye a kowane babi. Da ya riƙe wannan ɗabi'a da ban rubuta wannan maƙala ba.

A Physics of the Future na 2011 ya ce ya tattauna da masana fiye da 300 don ya hango rayuwa zuwa 2100. Wasu hasashen sun kama hanya. Motar haya marar direba tana ɗaukar fasinja a Phoenix da San Francisco. Wasu sun yi tuntuɓe; tabarau mai intanet na Google Glass ya fito a 2013, aka janye shi daga hannun jama'a a 2015. Ba na kama shi da wannan, mai harbi cikin duhu dole ya yi kuskure. Inda na tsaya shi ne inda ya bar fiziks ya shiga al'amuran mutane bai canja riga ba. Yana son ma'aunin nan da masanin taurari na Rasha Nikolai Kardashev ya kawo a 1964, mai auna ci gaban al'umma da yawan makamashin da take sarrafawa: mataki na ɗaya na duniyarta, na biyu na tauraronta, na uku na tarin taurari. Ya ce ɗan Adam bai kai mataki na ɗaya ba tukuna, amma alamun isowa sun bayyana, ya lissafa intanet, da Tarayyar Turai, da harshen Ingilishi a matsayin harshen duniya na gobe. Birtaniya dai ta kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, ta fita a 2020. Batun harshe kuwa, ina tambayar 'yan wannan ƙungiya, wane lissafi ne ya haifar da shi? Ra'ayi ne irin wanda kowa zai iya faɗa a majalisar shayi, mai yiwuwa daidai, mai yiwuwa kuskure. Amma da yake daga bakin farfesan fiziks ya fito, ɗalibin da ke tunanin ko ya karanci Hausa ko ya bari zai ji shi kamar dokar faɗuwar dutse ƙasa. Haka nan "mu" ɗin da yake yawan faɗa, mu da za mu mallaki makamashin duniya, ban san ko ta haɗa da mutum wajen miliyan 600 na Afirka kudu da Sahara da ba su da wutar lantarki ba.

Sai littafin da ya ruɗi ƙanena, Quantum Supremacy na 2023. Kwamfutar da muka sani tana lissafi da sifiri ko ɗaya. Ta kwantam tana aiki da ƙwayoyin da kan iya zama cikin gaurayen halin biyu, shi ya sa ake yawan cewa tana gwada dukan amsoshi a lokaci guda. Nan ne tarkon yake. Ran da ka leƙa don ka karanta sakamako, amsa ɗaya tak za ta ba ka, kuma ta kan-mai-uwa-da-wabi. Gwanintar ita ce a tsara lissafin yadda amsoshin banza za su kashe juna, kamar igiyoyin ruwa biyu da suka yi karo, ta gaskiya ta rage. An san yadda ake yin haka a wasu matsaloli ƙalilan ne kawai, kamar hanyar da Peter Shor ya gano a 1994 ta warware babbar lamba zuwa lambobin da suka haife ta, da kuma kwaikwayon halayen sinadarai. Ko gwajin Google na 2019, inda suka ce injinsu ya yi cikin daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000, kamfanin IBM ya ce kwana biyu da rabi ya isa, aikin kuma ba shi da wani amfani a wajen ɗakin gwaji. Daga nan zuwa maganin ciwon daji da na mantuwar tsufa da takin zamani mai araha, waɗanda littafin ya ba babi-babi, tafiya ce mai nisan gaske. Scott Aaronson na Jami'ar Texas, wanda wannan ne fagensa, ya yi wa littafin kaca-kaca a shekarar da ya fito, ya nuna kurakurai har a bayanin tushe. Fagen kwamfutar kwantam ba na Kaku ba ne, amma muryarsa a ciki ita ce dai ta Hyperspace, ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba.

Da muka sake haɗuwa da ƙanen nan nawa, ban yi masa dogon bayani ba. Na ba shi takarda na ce mu fassara shafi guda na littafin zuwa Hausa, da sharaɗin duk jimlar da ba mu san wanda ya gwada ta ba mu sa mata "wai". Jimlolin farko sun wuce lafiya. Da muka kai inda ake maganar asibitin gobe sai gardama ta tashi, shi yana cewa farfesa ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba, ni ina cewa ya nuna mini gwajin. Magariba ta raba mu ba mu gama shafin ba. Ya tafi da takardar, ya kuma ari Physics of the Impossible, har yau bai dawo mini da shi ba.