The Father: Tambayar da Fim Ɗin Bai Yi Ba

A fim ɗin The Father na 2020, Florian Zeller ya saka mai kallo cikin kan dattijo Anthony: ɗakuna suna sauyawa, fuskar 'yarsa Anne ta koma ta baƙuwa. Da likita ta tambayi ranar haihuwarsa, sai ya faɗa tiryan-tiryan. Nan fim ɗin ya yi gaskiya, domin abin jiya ne ke fara ɓacewa, na da can kan daɗe, tambaya ɗaya kuma ba ta gano cutar mantuwa. Rauninsa shi ne bai nemi sanadi ba. Alzheimer ce, ko toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa? Ƙarancin bitamin B12 ma kan ruɗa tsoho, kuma yana da magani. Iyalin da suka ce gigin tsufa ne suka haƙura, wannan damar suke rasawa.