Waɗanda Alƙalami Ya Yi Wa Gata a Waƙar Turai ta Da

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin waƙar Turai ta tsakiyar zamani zai tarar da sunaye kusan iri ɗaya: Hildegard, Léonin, Pérotin, Guillaume de Machaut. Ana jera su kai ka ce su kaɗai suka buɗe baki a cikin shekara dubu. Gwanaye ne, babu musu, amma gwaninta kaɗai ba ta kawo sunansu gare mu ba. Alƙalami ne ya yi musu gata.

A dubi waƙoƙin coci da ake jingina wa Fafaroma Giregori, wanda ya rasu a shekarar 604. Sai a ƙarni na 9 aka fara ɗiga alamomi a saman kalmomi don tuna hawa da saukar murya, sannan a ƙarni na 11 Guido, wani malamin coci a Italiya, ya daidaita layukan da suka sa mutum ke iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Kafin nan baki ne ke miƙa wa baki. Ɗaruruwan mawaƙan da suka sassaƙa waɗannan muryoyi sun tafi ba suna, mutum guda ya kwashe yabon.

Léonin da Pérotin na cocin Notre-Dame a birnin Faris, da ƙyar suka tsira. Mun san aikinsu da sunansu ne saboda wani marubuci, da alama ɗan Ingila, ya ambace su a ƙarshen ƙarni na 13. Abin mamaki, shi kansa ba a san sunansa ba. Hildegard kuwa, wadda ta rasu a 1179, tana shugabantar gidan mata masu ibada a Jamus, tana da masu kwafe mata littafi, shi ya sa waƙoƙinta fiye da 70 suka iso mu. Machaut, wanda ya rasu a 1377, da kansa ya tsaya aka tattara ayyukansa. Mai abu shi ke kiwon kayansa.

To, ina mawaƙan fada da maroƙa? Daga mawaƙan soyayya na kudancin Faransa, rubutattun waƙoƙi kusan 2,500 ne suka rage, amma waɗanda aka rubuta karinsu ba su kai 300 ba. Ko waɗannan ɗin ma, rubutun bai fayyace saurin tafiyar waƙar ba, bai kuma faɗi abin da za a kaɗa ba. Saboda haka gangar da ka ji a faifan zamani, hasashen mawaƙan yau ce. Maroƙan kasuwa da na biki kuwa, iska ta tafi da nasu.

Akwai wani giɓin. Molon Turawa da gogensu na wancan zamani daga ud da rababar Larabawa suka samo asali, kuma Andalus na cikin manyan ƙofofin da suka shigo ta nan. A littafin waƙoƙin Sarki Alfonso na 10 na Kastila, akwai hoton Musulmi da Kirista suna kiɗa tare. Mai zane ya adana fuskokinsu, marubuci bai adana sunayensu ba.

Don haka a saurari Pérotin, a ji yadda muryoyi huɗu ke saƙa da juna kamar zaren masaƙi. Amma a riƙa tunawa, abin da ya iso kunnenmu kason coci da fada ne, inda ake da tawada da fatar rubutu.