Gwanayen Auna Iska Mai Hawa Sama

Can sama da kilomita 200 daga doron ƙasa, iskar ba ta da kaurin da za ta kaɗa ko ganye, amma gudu take yi. Wadda ke bi ta gabas ko yamma takan wuce mita 100 a daƙiƙa. Mai hawa da sauka kuwa yawanci 'yan mitoci ne kawai, amma ita ke cuɗa iskar ƙasa-ƙasa mai nauyi da ta sama mara nauyi. Auna ta a sararin da ke kan layin tsakiyar duniya shi ne inda ake gane gwani.

Tauraron ɗan Adam ɗin da ke awon yana tsala gudun kusan kilomita 7.6 a daƙiƙa. Idan hancinsa ya karkace da kashi ɗaya cikin goma na digiri, lissafi zai nuna iskar ƙarya ta kusan mita 13 a daƙiƙa, wadda sau da yawa ta fi ta gaskiyar. Don haka aikin nan tankaɗe ne: a yi ta fitar da dusa har garin ya rage.

Dubi GOCE, tauraron Turai da ya yi aiki daga 2009 zuwa 2013 a nisan kusan kilomita 255. Don auna ƙarfin jan ƙasa aka ƙera shi, iska ba ta cikin lissafi. Sai masana suka ɗauki kowane ɗan turi da na'urorinsa suka ji, suka cire na injinsa, suka cire na hasken rana (eh, haske ma yana turi), suka lissafa yadda iska ke zamewa a jikinsa da fikafikansa. Abin da ya saura shi suka karanta.

Akwai kuma hanyar zagaye, wadda ta fi burge ni. Inda iskar kwance ta taru daga sassa biyu, ba ta da mafita sai sama ko ƙasa. Tauraro irin ICON na Amurka, wanda aka harba a 2019, ya riƙa gano gudun ta kwance har zuwa 2022 daga hasken kore da ja da iskar oksijin ke fitarwa. Daga nan lissafi ya fito da ta tsaye.

Wannan sarari na kan tsakiyar duniya bai yi mana nisa ba: layin tsakiyar maganaɗisun duniya yana ratsa Najeriya, kuma a wannan yankin ne sararin sama kan rikice bayan magariba har siginar GPS ta yi rawa.