Sharhi a Kan Littafin "Taswirar Al'adu": Abin da Ya Gani da Abin da Ya Tsallake

Yawancin masu karanta wannan ɗan littafi, ko ba jima ko ba daɗe, za su zauna a teburi ɗaya da mutanen wata ƙasa. Wani a kwamitin asibiti, wani a aikin fassara, wani kuma a shirin haƙa rijiyoyi ko taimakon 'yan gudun hijira. A irin wannan zama akan sami Bajamushe, da Ba'amurke, da mutumin Koriya, da ɗan Kenya, da mu, kowa da kyakkyawar niyya. Duk da haka kafin shekara ta zagayo sai ka ji an soma gunaguni. Littafin da ake yawan miƙa wa mutane don maganin wannan shi ne The Culture Map, wato Taswirar Al'adu, na Erin Meyer, wanda ya fito a 2014. Mun karanta shi, mun kuma gwada shi da abin da muka gani a wurin aiki. A ganinmu littafi ne mai amfani, amma yana da ramuka biyu waɗanda shugaba zai iya faɗawa ciki in bai lura ba.

Abin da littafin ya ƙunsa

Meyer Ba'amurkiya ce, tana koyarwa a makarantar kasuwanci ta INSEAD da ke Fontainebleau a Faransa. Ta ɗora aikinta a kan na mutum biyu da suka riga ta. Na fari shi ne Edward T. Hall, wanda a littafinsa Beyond Culture na 1976 ya bambanta al'ummomin da ke faɗin magana ɓaro-ɓaro da waɗanda ke barin mai sauraro ya tsinci ma'ana daga yanayi. Na biyu shi ne Geert Hofstede, mutumin Holan, wanda ya yi nazarin amsoshin tambayoyi fiye da 100,000 na ma'aikatan kamfanin IBM tsakanin 1967 da 1973, ya buga sakamakon a 1980.

Meyer ta kawo ma'aunai takwas: yadda ake isar da saƙo, yadda ake faɗa wa mutum kuskurensa, yadda ake shawo kan mutum, yadda ake shugabanci, yadda ake yanke shawara, yadda ake samun amana, yadda ake nuna rashin yarda, da yadda ake ɗaukar lokaci. Kowane ma'auni layi ne mai iyaka biyu, sai ta jera ƙasashe a kai, kowace a inda take ganin ta dace.

Inda littafin ya yi daidai

Abu na fari da muka yaba shi ne koyarwarta cewa matsayin ƙasa ba ya da ma'ana sai an gwama shi da na wata. Bajamushe yakan ga Bafaranshe yana sakaci da lokaci, mutumin Indiya kuwa yakan ga wannan Bafaranshen ya cika tsanani da agogo. Mutum ɗaya ne, masu kallon ne suka bambanta. Wannan yana karya girman kan mai zaton tasa al'adar ita ce tsakiyar duniya.

Na biyu, ta raba abubuwan da mukan haɗa wuri ɗaya. Amurkawa suna bayani dalla-dalla, amma in za su faɗa maka laifinka sukan lulluɓe shi da yabo har ka fita kana murna. Faransawa suna da maganar zaurance, amma in aka zo gyara sukan faɗa kai tsaye. Mutanen Japan suna girmama na gaba ƙwarai, duk da haka ba sa yanke shawara sai an zaga kowa ya sa hannu. Shugaban da ya gane waɗannan zai daina yi wa abokin aikinsa mugun zato a kan abin da ba ƙiyayya ba ce. Mu da muka san kunya, da kara, da habaici, da aika dattijo ya faɗi abin da ba za mu iya faɗa ido da ido ba, za mu ga kanmu a shafuka da yawa.

Rami na fari: ƙasa ɗaya, ɗigo ɗaya

A taswirar Meyer, Nijeriya tana can kusa da iyaka a ma'aunai da dama: girmama na gaba, yanke shawara daga sama, gina amana ta wurin zumunci, da sassauci a kan lokaci. Tambayarmu ita ce, wace Nijeriya? Ƙasar tana da kabilu fiye da 250. Wanda ya tashi a ƙarƙashin sarki da hakimi da mai unguwa yana da tasa tarbiyya. Wanda ya tashi a ƙauyen Ibo ko na Tibi, inda taron dattawa da na jama'a ke tattauna magana, yana da wata dabam. Turawan mulkin mallaka sun yi wannan kuskuren tun da can, sa'ad da suka naɗa sarakunan takarda a kudu maso gabas suna neman irin tsarin da suka tarar a Arewa. Wannan yana cikin abubuwan da suka jawo boren matan Aba a 1929.

Matsalar ta gado ce. A aikin Hofstede an haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo wuri ɗaya da sunan Afirka ta Yamma. Masana irin su Brendan McSweeney, a wata maƙala ta 2002, sun ƙalubalanci tunanin cewa ma'aikatan kamfani ɗaya za su iya wakiltar al'ummar ƙasa duka. Don mu yi wa Meyer adalci, ta yarda cewa mutanen ƙasa ɗaya sun bambanta da juna, kuma matsayin da ta ba ƙasa matsakaici ne kawai. Sai dai mai karatu ba gargaɗin yake riƙewa ba, hoton yake riƙewa. Ga shi kuma yawancin misalanta daga manajojin manyan kamfanoni suka fito, mutanen da ba su yi kama da ma'aikacin jinya a ƙauye ko ma'ajin ƙaramin kwamiti ba.

Rami na biyu: wa ke riƙe da jaka?

Wannan ne babban abin da muke tuhumar littafin a kai. Yana magana kamar dai waɗanda suke zaune a teburin duk ƙarfinsu ɗaya ne, al'ada ce kaɗai ta raba su. A aikin da muka sani, sau da yawa gefe ɗaya ne yake kawo kuɗi, yake sa hannu a albashi, yake kuma rubuta rahoton da za a yarda da shi.

Mun taɓa zama a wani kwamiti tare da wakilin wata ƙungiyar waje da ke tallafa wa aikin lafiya. Ya kawo shawara a mayar da ɗakin shan magani zuwa garin da ke bakin titi. Ya tambaya ko akwai mai ja, kowa ya sunkuyar da kai. Ya rubuta cewa an amince. Watanni suka wuce ba a ɗaga ko benci ɗaya ba, sai ransa ya ɓaci. Da ya nemi bayani, wani ya ce masa al'adarmu ce, ba ma musu da baƙo a fili. Ya karɓi wannan, gama ya yi daidai da abin da ya karanta. Amma mu da muke wurin mun san waɗannan mutane. Mako guda kafin nan sun yi gardama mai zafi da shugabansu a kan kuɗin man babur. Abin da ya rufe musu baki ran nan shi ne albashinsu daga hannun baƙon yake fitowa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shiru ma magana ce, amma ba kullum ba ne al'ada ke yin ta, wani lokaci tsoro ne.

Haka abin yake ko a tsakanin manya. A 1998 kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya haɗu da Chrysler na Amurka a cinikin kimanin dala biliyan 36, aka shelanta cewa haɗuwar tsara da tsara ce. Da abubuwa suka dagule, masu sharhi da yawa suka ɗora laifin a kan saɓanin halin Jamusawa da na Amurkawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma a shekara ta 2000 shugaban kamfanin, Jürgen Schrempp, ya faɗa wa jaridar Financial Times cewa tun farko nufinsa shi ne Chrysler ya zama reshe a ƙarƙashin Daimler. A 2007 aka sayar da mafi yawan Chrysler. Ba wani darasin fahimtar al'ada da zai gyara zaman da aka gina a kan ɓoye wanda yake da iko.

Akwai kuma haɗarin da ke biye da wannan, wato a mai da al'ada mafaka. Namu ya ƙi kawo rasit, ya ce mu da amana muke aiki. Baƙo ya ci mutuncin dattijo a gaban yara, ya ce a ƙasarsu haka ake faɗin gaskiya. Littafin yana bayyana hali, amma ba shi da ma'aunin da zai ce wannan kuskure ne, kowace ƙasa ka fito.

Masu nazarin Ayyukan Manzanni sura 6 sun san wani misali da ya fi taswirar zurfi. Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu a rabon yau da kullum. Saɓanin harshe da al'ada ne, amma a kan abinci ya fito. Maganin da aka yi shi ne an danƙa aikin rabon a hannun mutum bakwai, su Istifanas da Filibus da Nikolas mutumin Antakiya, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. An taɓa tsarin iko, ba a tsaya a kan ba da haƙuri ba.

Yadda za mu yi amfani da littafin

Muna ba da shawara a karanta shi tare da abokan aiki na waje, kowa ya nuna inda yake ganin kansa, maimakon a nuna masa inda aka ajiye ƙasarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'ad da saɓani ya taso, shugaba ya fara tambaya ko rashin fahimtar juna ne, a nan Meyer za ta taimake shi. In ba shi ba ne, ya duba wa zai yi asara in ya faɗi gaskiya, ya kuma buɗe masa hanya: a ji ra'ayin mutane ɗaya ɗaya kafin taro, a jinkirta yanke shawara zuwa zama na biyu, kada mai kawo kuɗi ya zama shi ne mai jan taron kuma mai rubuta abin da aka yanke. In kuwa laifi ne, a kira shi laifi cikin ladabi, ko na gida ne ya yi ko baƙo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A cikin ma'aunai takwas ɗin, a wanne ne jama'arka suka fi bambanta da maƙwabtansu na cikin jiha ɗaya?
2. Ka tuna wani taro da ka yi shiru alhali ba ka yarda ba. Kunya ce ta hana ka, ko tsoron abin da za ka rasa?
3. A kwamitin da kake jagoranta, su wa ne suke yi maka irin wannan shirun, kuma me za ka canza domin su iya magana?